Takobi da Buhun Shinkafa: Tarihin Samurai, Mayaƙan Japan



A shekarar 1275 wani barde mai suna Takezaki Suenaga ya sayar da dokinsa da sirdinsa, ya yi guzuri da kuɗin, ya bar lardin Higo da ke kudancin Japan, ya kama hanyar Kamakura, mazaunin gwamnatin mayaƙa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, kuma ƙorafi ya je kaiwa. A shekarar da ta gabata, da rundunar Mongol ta sauka a gaɓar Hakata, shi ne ya fara kutsawa cikin abokan gaba da 'yan mahaya ƙalilan a bayansa. Aka harbe dokinsa, shi ma aka ji masa rauni. Amma da aka zo rabon lada sai sunansa bai fito ba. Danginsa sun so su hana shi tafiya, ya ƙi ji. Ya daɗe yana zarya a Kamakura kafin ya samu ganin Adachi Yasumori, mai kula da rabon lada, wanda ya saurare shi ya ba shi riƙon wani gandu da doki da sirdi. Daga baya Suenaga ya ɗauko masu zane suka zana masa labarin yaƙin da na tafiyar a kan doguwar takarda mai naɗi, wadda har yau tana nan a ajiye.

Wannan mutum shi ne samurai na ainihi: jarumi ne ba shakka, amma jarumin da yake lissafin haƙƙinsa. Kusan shekara 700 irinsa suka yi suna mulkin Japan, daga 1185 zuwa 1868. Wannan lacca za ta bi sawun ladansu ne, wato wa yake biyan su, da me ake biyan su, da abin da ya faru duk lokacin da biyan ya sauya, domin a nan tashinsu da faɗuwarsu suke.

Doki da baka

A ƙarshen ƙarni na 8 fadar sarkin Japan ta koma birnin da yanzu ake kira Kiyoto, kuma a daidai lokacin ta daina dogaro da sojan talakawa da ake tarawa dole. Manyan fadawa da wuraren bauta suka mallaki gandaye a larduna masu nisa, su kuwa suna zaune a birni suna waƙa da ado. Dole a samu mai karɓo musu haraji, mai korar 'yan fashi, mai murƙushe tawaye. Aikin ya faɗa hannun gidajen da suka gaji hawan doki da harbi. Biyu daga cikinsu suka yi fice, gidan Taira da gidan Minamoto, dukansu jikokin sarakuna ne da aka sallama daga layin gado.

Makamin waɗannan barade na farko baka ne. Tsawonsa ya wuce mita 2, an haɗa shi da itace da gora, kuma ba a tsakiya ake riƙe shi ba, can ƙasa-ƙasa ne. Dawakinsu gajeru ne. Ƙasusuwan da aka tono a Kamakura sun nuna matsakaicin tsayinsu bai wuce santimita 130 ba a kafaɗa. Sulkensu ƙananan faifan ƙarfe ne da na fata, an shafe su da ƙaro mai sheƙi, an ɗinke su da igiyoyin siliki masu launi, nauyinsa ya kan kai kilo 30. Takobi yana nan a ƙugu, amma sai kibau sun ƙare ko an sauka ƙasa ake zare shi. Takardun neman lada na ƙarni na 14, inda mayaƙi yake lissafa raunukansa a gaban shaidu, sun nuna mafi yawan raunukan na kibiya ne.

Da fadawa suka fara kiran waɗannan gidaje su raba musu rigimar gadon sarauta a 1156, sai mayaƙan suka gane ƙarfinsu. Taira no Kiyomori ya mamaye fada, ya ɗora jikansa Antoku, jariri, a kan gadon sarauta. Gidan Minamoto ya tayar da yaƙi a 1180, aka gama shi a 1185 a kan teku, a mashigin Dan-no-ura, inda kakar ƙaramin sarki Antoku ta rungume shi ta faɗa ruwa da shi.

Ƙasa a madadin jini

Minamoto no Yoritomo, wanda ya ci yaƙin, bai tuɓe sarauta ba. Ya bar sarki a Kiyoto da martabarsa, ya kafa tasa gwamnatin a Kamakura, a 1192 ya karɓi sarautar shogun, wato shugaban askarawa. Yarjejeniyarsa da mayaƙa a fili take: shi zai tabbatar wa mutum gandun da ya gada, ya ƙara masa daga na abokan gaba, shi kuma mutumin zai zo da dokinsa da yaransa da guzurinsa duk ranar da aka kira.

An gwada wannan yarjejeniya a 1221, lokacin da tsohon sarki Go-Toba ya yi shelar a yaƙi Kamakura. Yoritomo ya riga ya mutu. Matarsa Hojo Masako ce ta tuna wa mayaƙa alherin da mijinta ya yi musu, suka hau dawakai suka ci Kiyoto cikin wata guda. Aka kai tsohon sarkin gudun hijira tsibirin Oki, aka ƙwace gandaye kusan 3,000 aka raba. A 1232 gwamnatin ta fitar da kundin doka mai sashe 51, kuma babban abin da ya tattauna shi ne gado da iyakar gona da shari'ar ƙasa. A wancan zamanin mace na iya gadon gandu ta riƙe shi da kanta.

Guguwar da ta ceci ƙasa ta karya gwamnati

Sau biyu Kublai Khan, sarkin Mongol mai mulkin Sin, ya turo jiragen ruwa, a 1274 da 1281. Mongol sun zo da salon da mayaƙan Japan ba su saba da shi ba: dakaru jere-jere masu motsi da kiɗan ganga, ruwan kibau, da tukwanen albarushi masu fashewa. Tsakanin zuwan farko da na biyu, Kamakura ta sa aka gina katangar dutse mai tsawon kusan kilomita 20 a gaɓar Hakata. Ita ce ta hana baƙin sauka a karo na biyu, suka yi makonni a cikin jirage samurai na kai musu hari da dare a ƙananan kwalekwale, har mahaukaciyar guguwa ta zo ta farfasa jiragen.

An yi nasara, amma nasara ce marar ganima. Abokin gaba daga ƙetare ya zo, ba shi da gandun da za a ƙwace a raba. Mayaƙa sun ci bashi sun yi shiri, sun yi shekaru suna gadin gaɓa da aljihunsu. Masu wuraren bauta su ma suka miƙo hannu, suka ce addu'arsu ce ta kawo guguwar. A 1297 gwamnati ta yi dokar mayar wa mayaƙanta gonakin da suka sayar ko suka jinginar, sai masu ba da rance suka daina ba su. Da sarki Go-Daigo ya yi yunƙuri a 1333, babban kwamandan da Kamakura ta tura ya murƙushe shi, Ashikaga Takauji, shi ne ya juya mata baya. Bayan shekara uku ya juya wa sarkin baya shi ma, ya kafa tasa gwamnatin.

Mashi da bindiga

Yaƙin Onin, daga 1467 zuwa 1477, ya ƙone Kiyoto ya bar shogun da suna kawai. Fiye da shekara 100 Japan ta yi a wargaje, kowane yanki da ubangidansa, waɗanda ake kira daimiyo. Yaƙi ya daina zama na mahaya ɗaruruwa, ya koma na dakarun ƙasa dubbai, 'ya'yan manoma masu dogayen masu.

Lada a wannan zamani da kai ake karɓar sa. Bayan yaƙi mayaƙi zai kawo kan wanda ya kashe, a wanke shi, a taje gashin, a ɗaura masa alamar suna, a ɗora a kan allo a gabatar wa ubangida, magatakarda na rubutawa. Kan babban mutum ya fi na talaka tsada. Wata mata mai suna Oan, wadda take yarinya a cikin ganuwar Ogaki a 1600, ta ba da labarin yadda ita da sauran mata suke kwana kusa da kawunan, suna shafa musu baƙi a haƙora, domin baƙin haƙori adon manya ne, a ɗauka kan na babba ne a ƙara wa mai shi lada.

A 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi masu lagwani. Ubangidan tsibirin ya sayi biyu, ya ba maƙerinsa ya kwaikwaya. Cikin 'yan shekaru maƙeran Sakai da Kunitomo suna ƙera su da yawa. Samurai ba su ƙyamaci bindiga ba, rububinta suka yi. A Nagashino, 1575, Oda Nobunaga ya jera masu bindiga aƙalla 1,000 a bayan shingen itace, suka karya mahayan gidan Takeda da ake tsoro. A fadar wannan Nobunaga ne wani ɗan Afirka da aka sani da Yasuke, wanda ya zo tare da wani limamin Kirista ɗan Italiya, ya samu gida da albashi da gajeren takobi a 1581, kuma yana nan a 1582 lokacin da kwamandan Nobunaga, Akechi Mitsuhide, ya ci amanarsa a Kiyoto.

Cin amana ba baƙon abu ba ne a wancan ƙarni. Todo Takatora ya sauya iyayen gida sau da dama, ya fara a ɗan dakare ya ƙare a babban daimiyo. A Sekigahara, ranar 21 ga Oktoba 1600, yaƙin da ya ba Tokugawa Ieyasu mulkin Japan, rana na tsaka Kobayakawa Hideaki ya sauko daga kan tudu da rundunarsa ya afka wa ɓangaren da ya zo tare da shi. Duk da haka akwai masu amana ta gaske. Makonni kafin nan Torii Mototada ya tsare ganuwar Fushimi da mutum kusan 2,000 a gaban dubun dubata, ya san ba zai fita da rai ba, don kawai ubangidansa Ieyasu ya samu lokacin shiri.

An rufe ƙofa

Mutumin da ya gama haɗa kan Japan bayan Nobunaga, Toyotomi Hideyoshi, ɗan talaka ne da ya tashi daga ƙasa. Shi ne kuma ya toshe hanyar da ya bi. Ya sa aka auna gonakin ƙasar kaf, aka rubuta yawan shinkafar da kowace za ta iya bayarwa da sunan mai noma ta. A 1588 ya sa aka karɓe makamai daga hannun manoma, aka ce za a narke su a yi ƙusoshin ginin wani babban mutum-mutumin Buda. Daga nan manomi manomi ne, mayaƙi mayaƙi ne.

Sai ya nemi sabuwar ganima a waje. A 1592 ya tura mutum fiye da 150,000 Koriya, ya sake turawa a 1597. Jiragen kwamandan ruwan Koriya, Yi Sun-sin, suka yanke musu hanyar abinci, sojan Sin suka shigo, yaƙin ya ƙare da mutuwar Hideyoshi a 1598 ba tare da taƙin ƙasa ɗaya ba. Da yake kai yana da wuyar ɗauka zuwa gida, hanci aka riƙa yankewa ana zubawa a gishiri a matsayin shaidar aiki, har da na mata da yara. Tudun da aka binne dubban hancinan yana nan a Kiyoto, kuma mutanen Koriya ba su manta ba.

Albashin shinkafa

Ieyasu ya zama shogun a 1603 a Edo, wato Tokiyo ta yau. Bayan faɗuwar Osaka a 1615 da tawayen Shimabara a 1638, Japan ta yi fiye da shekara 200 ba wani babban yaƙi. A nan ne rayuwar samurai ta juya gaba ɗaya. Aka raba mafi yawansu da gona, aka tara su a biranen iyayen gidansu, aka yanka musu albashi da ma'aunin koku, wato lita 180 na shinkafa, kimanin buhu uku masu kilo 50, abin da aka ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara. Mai ƙasar da ke ba da koku 10,000 ko fiye shi ne daimiyo, kuma sun kai 260. Gidan Maeda na Kaga ya haura koku miliyan ɗaya. Ƙaramin samurai kuwa yana iya ƙarewa da ƙasa da 20.

Daga 1635 aka wajabta wa kowane daimiyo ya yi shekara ɗaya a Edo, ɗaya a gida, matarsa da magajinsa kuwa su zauna Edo dindindin. Ayarin gidan Maeda kaɗai ya kan kai mutum 2,000 ko fiye, ana ci da su ana kwana da su a hanya. Kuɗin da da zai sayi makamai ya ƙare a masauki da sutura.

Samurai da iyalansu ba su wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 na jama'a ba. Su kaɗai ke rataya takubba biyu, su ke da sunan gida a hukumance, doka ma ta ba su damar sare talakan da ya yi musu rashin kunya, ko da yake akwai bincike mai tsanani bayan haka. Aikinsu na yau da kullum ya koma rubutu, lissafin haraji, gadin ƙofa da koyarwa. Mai ciyar da su duka shi ne manomi, wanda ake karɓar kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na amfanin da aka ƙiyasta wa gonarsa.

Albashin na gado ne, ba ya ƙaruwa, farashin kaya kuwa yana hawa. A unguwar Kuramae ta Edo akwai dillalan da ke karɓar shinkafar samurai su sayar su ba shi kuɗi, kuma su ne ke ranta masa a kan albashin baɗi da na baɗin waccan. A 1789 gwamnati ta soke tsofaffin basussukan, dillalai suka ƙulle jaka, kamar dai yadda aka yi shekara 500 baya. Sai ga mai takubba biyu zaune a ɗaki yana liƙa takarda a jikin laima don a kai kasuwa. Na unguwar Aoyama sun shahara da laima, na Okubo da renon furanni, na garin Tendo da sassaƙa 'ya'yan dara irin ta Japan.

A wannan zamanin na zaman lafiya ne aka fi rubuta littattafan ɗabi'ar mayaƙi. Hagakure, wanda ya fi kowanne ɗaukaka mutuwa saboda ubangida, an tattara shi ne wajen 1716 daga bakin Yamamoto Tsunetomo, magatakardan da bai taɓa halartar yaƙi ba. Labarin mayaƙa 47 na Ako ma na lokacin ne. A 1701 ubangidansu Asano ya zare takobi a fadar shogun ya sari wani jami'i mai suna Kira, aka hukunta shi da farke cikinsa da hannunsa a ranar, aka ƙwace ƙasarsa, barorinsa kusan 300 suka rasa albashi. Bayan kusan shekara biyu 47 daga cikinsu suka fasa gidan Kira da dare cikin dusar ƙanƙara suka yanke kansa, suka kai kabarin ubangidansu, sannan suka miƙa wuya. Jama'a sun girmama su ne saboda irin wannan amana ta yi ƙaranci.

Waɗanda suka rushe gidansu da kansu

A 1853 jiragen yaƙin Amurka huɗu ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a bakin Edo, gwamnatin mayaƙa ta kasa korar su. Ƙananan samurai daga yankunan Satsuma da Choshu, matasan da suka gaji talauci da ƙasƙanci, suka kifar da shogun a 1868 da sunan sarki Meiji. Da suka hau mulki suka ga albashin 'yan uwansu, kusan mutum miliyan 2 da iyalai, yana lashe wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gwamnati. A 1871 suka soke ƙasashen daimiyo. A 1873 suka kafa soja na ƙasa da ke ɗaukar ɗan kowa. A 1876 suka hana rataya takobi, suka mayar da albashin gado takardun lamuni, da yawa suka zuba nasu a kasuwancin da ba su iya ba suka tsiyace.

Tawaye ya biyo baya. Mafi girma shi ne na 1877, ƙarƙashin Saigo Takamori, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa sabuwar gwamnatin. Mutanensa da bindiga suka fito, sai da harsashi ya ƙare suka koma ga takobi. Sojan da aka tara daga 'ya'yan manoma suka tsare ganuwar Kumamoto kusan wata biyu suka hana su wucewa, kuma ranar 24 ga Satumba aka gama da 'yan ɗaruruwan da suka rage a tudun Shiroyama.

Abin da ya amfani samurai a sabuwar Japan shi ne karatun da zaman lafiya ya tilasta musu. Su suka cika aikin koyarwa da na 'yan sanda da ofisoshin gwamnati. Iwasaki Yataro na Tosa ya kafa Mitsubishi. Fukuzawa Yukichi, wanda mahaifinsa ke karɓar koku 13 yana aikin lissafi a rumbun shinkafa na Osaka, ya kafa makarantar da ta zama Jami'ar Keio, kuma ya rayu yana ƙin tsarin da ya ɗaure mahaifinsa a ƙasa saboda haihuwa kawai.

Hoton samurai da duniya ta sani ya yaɗu ne bayan sun shuɗe. Nitobe Inazo, Kirista mai auren Ba'amurkiya, ya rubuta littafinsa Bushido da Ingilishi, aka buga shi a Amurka wajen 1900, sai daga baya aka fassara shi zuwa Japananci. Sojojin Japan na shekarun 1930 da 1940 suka ɗauki wannan hoto suka cire masa lissafin haƙƙi, suka bar mutuwa zalla. Aka koya wa ɗan talaka cewa miƙa wuya abin kunya ne, aka wulaƙanta fursunonin yaƙi, daga 1944 aka riƙa tura matasa su faɗa kan jiragen ruwan Amurka da jiragen samansu, aka laƙaba musu sunan guguwar 1281. Mayaƙan da suka ga waccan guguwa sun koma gida da ransu suna neman lada. Waɗannan yara ba a bar musu hanyar dawowa ba.

A 1947 aka shafe ajin zuriyar samurai daga dokar ƙasa. Manomin da shinkafarsa ta ɗauki nauyin wannan tarihi shi ma sai a lokacin ya samu sauƙi. Dokar 1873 ta ba masu gona takardar mallaka, amma ta ɗora musu harajin kuɗi na kashi 3 cikin 100 na darajar ƙasa, wanda ya sa da yawa suka sayar suka koma 'yan haya a gonakinsu. Tsakanin 1946 da 1950 gwamnati ta sayi filaye daga manyan masu ƙasa ta sayar wa masu noma su da araha, har gonakin haya suka sauko daga kusan rabin ƙasar noma zuwa wajen kashi 10 cikin 100.